Casio F-91W bayan shekara tara a hannuna

"Malam, kai da kake da waya, me kake yi da wannan abin?"

Wani ɗalibina ne ya jefo mini tambayar, ranar da na kwance agogona na ajiye a kan tebur zan wanke allin da ya ɓata mini hannu. Ya ɗauka ya jujjuya, ya auna shi a tafin hannunsa, ya ajiye yana murmushi irin na wanda ya taɓa kayan wasan yara. Na ce masa ya wuce ya zauna. Amma tambayar ta biyo ni har gida, domin yaron bai yi ƙarya ba. Wayar da ke aljihuna ta fi agogon nan sanin lokaci. Ita daga kamfanin layi take karɓar nata, ba ta yin gaba, ba ta yin baya, ba kuma sai na saita ta ba. Duk da haka shekara tara ke nan kusan kullum da safe agogon nake fara ɗaurawa kafin in nemi takalmi.

Agogon da ake magana a kai Casio ne, samfurin F-91W, baƙin nan na roba mai lambobi wanda da wuya a ce ba ka taɓa ganinsa a hannun wani ba. Kamfanin na ƙasar Japan ne, ya fara fitar da shi a 1989, kuma har yau ana ƙera shi kusan yadda yake tun farko: shuɗin layi a zagayen fuska, maɓalli biyu a hagu, ɗaya a dama, bayansa faifan ƙarfe da ƙananan sukuru huɗu. Nauyinsa giram 21, kaurinsa milimita 8.5. Waɗannan lambobi ba sa gaya wa mutum komai sai ya ɗaura. Bayan minti biyar ka manta da shi. Yana shigewa ƙarƙashin hannun riga bai maƙale ba, kana iya kwana da shi bai dame ka ba. Na taɓa tsayawa ina lalube a kan tebur ina cigiyarsa, alhali yana ɗaure a hannun da nake laluben da shi.

Aikinsa kaɗan ne, yatsun hannu ɗaya sun isa ƙirga shi. Yana nuna awa da minti da sakan, daga sama kuma ranar mako da kwanan wata. Yana da ƙararrawa guda ta kullum mai kuka na sakan 20, da wani ɗan "tit" da yake yi duk cikar awa idan ka kunna masa. Yana da ma'aunin lokaci irin na masu tsere, mai ƙirga har kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Sai 'yar fitila. Shi ke nan. Batirinsa ɗan faifan nan ne CR2016, wanda kamfanin ya ce zai kai kimanin shekara bakwai. Nawa sai cikin ta takwas lambobin suka fara dusashewa, musamman in na danna fitila. Na kai wa mai gyaran agogo, kafin in gama gaisawa da maƙwabcinsa ya sauya ya miƙo mini.

Yanzu ga amsar da ban ba yaron nan ba.

Lissafi nake koyarwa, darasina minti 40 ne. Malamin da ya san aikinsa yana raba wannan minti 40 a ransa tun kafin ya shiga: kaza na tuna abin da aka yi jiya, kaza na sabon abu, kaza na yara su gwada da kansu, a bar minti biyar na tambaya. In ka saki baki kana bayani, sai a kaɗa ƙararrawa kana tsakiyar misali, yaran su watse da rabin abu a kai, wanda ya fi rashin sani illa. Saboda haka a darasi ɗaya ina duba lokaci fiye da sau goma. Ka kwatanta wannan da waya. Sai na ajiye alli, na goge hannu, na zura a aljihu, na ciro, na danna, duk a gaban idanun da ba abin da suke jira sai su ga hankalin malam ya bar allo. Kuma wayar in ka ciro ta ba lokaci kaɗai take miƙo maka ba. Ga saƙo uku, ga kiran da ba ka ɗauka ba. Ko ba ka buɗe ba, ka riga ka ga sunan wanda ya kira, rabin hankalinka ya tafi can yana tambayar ko lafiya. Kafin in koma ɗaura agogo na sha juyowa wajen allo in tsaya, alli a hannu, ina neman inda na tsaya. Ga kuma wata: da wane baki zan hana yaro taɓa waya a aji, tawa tana hannuna?

Da agogo kuwa, dama tana rubutu, hagu tana riƙe da littafi, na ɗan karkata wuyan hannu, na gani, na ci gaba ban ko yanke jimla ba. Babu wanda ya lura. Kuma abin da na tambaya shi kaɗai ya gaya mini, bai ƙara da labarin kowa ba.

Wannan dalilin ba yau ya fara ba, shi ne ma ya ɗora agogo a hannun maza tun farko. Har farkon ƙarni na 20 namiji a aljihu yake sa agogonsa da 'yar sarƙa, na hannu kuwa ado ne na mata. A 1904 Louis Cartier, wani mai sana'ar agogo da kayan ado a Faransa, ya ƙera wa abokinsa Alberto Santos-Dumont, ɗan Birazil mai tuƙa jiragen sama a Faransa, agogon ɗaurawa, saboda mutumin da hannayensa biyu ke kan abin tuƙi ba shi da na ukun da zai shiga aljihu. Sai yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, ya ƙarasa aikin: sojan da ke cikin rami riƙe da bindiga, an ce masa a tashi ƙarfe kaza da minti kaza, ba zai tsaya laluben aljihu ba. Suka dawo gida da agogo a hannu, sauran maza suka bi. Mu da wayoyinmu sai muka sake mayar da lokaci cikin aljihu, illa dai agogon aljihun namu ya fi na kakanni surutu.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne zauren jarrabawa. Mai sa ido ba ya riƙe waya a wurin, agogon bango kuwa ko dai babu, ko batirinsa ya mutu tun zangon da ya wuce. Ina cewa "ku fara" sai in danna maɓallin dama, ƙirga ta tashi. Babu gardamar an ci mana minti biyu. A ƙarshen wannan zangon, wanda ya fara ɗaga hannu daga layin baya yana raɗa "Malam, saura minti nawa?" shi ne mai tambayar nan tawa. Na gaya masa, ban ce komai ba, amma na ɗan daɗe ina kallon agogon fiye da yadda ake bukata. Ga ɗalibai kam labarin ya fara sauyawa: a Ingila tun 2021 aka hana su shiga manyan jarrabawa da agogon hannu kowane iri, saboda daga nesa mai sa ido ba ya iya bambance na gargajiya da wanda ke karɓar saƙo.

Batun daidaito fa? A takardarsa an rubuta cewa zai iya yin gaba ko baya da sakan 30 a wata. Wannan sakan ɗaya ne a rana, wato kuskure ɗaya cikin 86,400, don adadin sakan ɗin da ke yini da dare ke nan. Nawa bai ma kai haka ba, gaba yake ɗan yi kaɗan. Duk bayan wata biyu ko uku nakan shiga wurin saiti, in jira waya ta cika minti, in danna maɓallin dama, sakan ya koma sifili. Aikin bai kai shan ruwa ba.

Sirrin yana cikin kalmar nan Quartz da kake gani rubuce a fuskar agogo da yawa. Wani ɗan ƙanƙanin dutse ne mai haske da aka yanka shi da baki biyu kamar ƙaramin cokali mai yatsu. In aka ba shi wutar batir sai ya riƙa karkarwa sau 32,768 a kowane sakan, ba ya gajiya, ba ya canza taku. Duk shekara da wannan lamba nake buɗe darasin ninki. Nakan rubuta ta a allo in ce a raba biyu, a sake raba biyu, a yi ta yi a ga inda za a tsaya. 16,384, sai 8,192, sai 4,096, har a sauko. A rabi na 15 sai a faɗo kan 1 cif, babu saura. Abin da ke faruwa a cikin agogon ke nan: wata 'yar na'ura tana raba karkarwar biyu-biyu sau 15, abin da ya fito shi ne bugu ɗaya a sakan. Yara kan yi shiru in na ɗaga hannu na ce lissafin da suka kwashe minti goma suna yi, wannan robar tana yin sa kowane sakan tun kafin wasunsu su shiga makaranta. Zafi da sanyi kan ɗan taɓa dutsen, shi ya sa agogon da ke hannu kullum, yana shan ɗumin jiki, yakan fi wanda aka jefa cikin durowa riƙe lokaci. Kirarin da ake yi wa agogo na sarkin aiki, a wannan ya fi zama daidai.

Amma kada in yi ta yabo kamar an ba ni kwangilar talla. Akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani tun a shago.

Fitilarsa ƙwaya ɗaya ce 'yar mitsitsiya, koriya, a gefen hagu. Haka aka ƙera shi. Tana haska awa sosai, minti da ɗan dama, kafin hasken ya kai sakan ya ƙare. A duhu sosai za ka karanta, a magariba-magariba kuwa, lokacin da ba haske ba duhu, sai ka kanne ido. Wanda aikinsa na dare ne ya nemi 'yan uwansa masu fitilar da ke haska fuskar gaba ɗaya, Casio na da su. Kalandarsa ta san wata mai kwana 30 da mai 31, amma Fabrairu a wurinta kullum 28 ne, ba ta san shekara mai ƙarin kwana ba. Ran 29 ga wata za ka ga ta rubuta 1, sai ka gyara da hannunka, sau ɗaya a shekara huɗu. Ma'aunin lokacinsa kuma minti 59 da sakan 59 ne iyakarsa, daga nan ya koma sifili ya sake farawa, don haka a jarrabawar awa biyu da rabi kai za ka riƙe lissafin awannin. Kuma ba ya ƙirga baya, wato ka ce masa minti 15 ya yi ta raguwa har ya yi ƙara. Wannan ne abin da na fi so a ce yana da shi.

Sai ruwa, inda mutane da yawa ke cutar kansu. An rubuta Water Resist a fuskarsa, ma'ana yana jure fantsama: wanke hannu, ruwan sama, gumi. Ba a yi shi don iyo ba, ko da yake za ka ji masu cewa sun yi bai yi komai ba. Wannan sa'a ce, ba alkawari ba. Haka ma lambobin da ake bugawa a bayan sauran agoguna suna ruɗi. Mita 30 ba ta nufin ka nutse da shi mita 30, gwajin matsi ne da aka yi a ɗakin gwaji, ruwan a tsaye, agogon sabo. A aikace 30 na fantsama ne, 50 na ɗan shiga ruwa sama-sama, 100 na iyo, 200 na masu nutso. Kowanne kuma kada ka danna maɓalli yana cikin ruwa, kuma in an buɗe bayansa an sauya batir, ka tabbatar an mayar da siririyar robar da ke zagaye da murfin yadda take.

Akwai kuma abin da lambobi ba sa iyawa, mai hannu yake iyawa. In agogo ya ce 10:17, darasi kuma zai ƙare 10:40, sai ka yi ɗebewa. Ba wuya, balle ga malamin lissafi, amma aiki ne. Mai hannaye kuwa kallo ɗaya za ka ga abin da ya rage a matsayin fili, ɗan yanki tsakanin dogon hannu da takwas, kana ganin yana tsukewa. Na yarda a nan mai lambobi ya sha kashi. Maganar kyau kuwa, araha ba ta ado. Roba ce, kuma kamar roba take. Fuskar ma roba ce mai ɗaukar ƙarzuwa, tawa ta cika da zane-zanen da nake gani in rana ta buge ta. Maiɗakina takan ce in za mu wurin taro in taimake ta in bar "abin makarantar nan" a gida. Maɗaurin sau ɗaya na sauya, shi ma ni na ja masa, na maƙale shi a marfin mota. Faɗinsa milimita 18 ne, ba ya wuyar samu.

Shekara biyu da suka wuce ƙanena ya kawo mini agogon komai-da-ruwanka, irin mai haɗuwa da waya. "Yaya, don Allah ka ajiye wannan, ka shigo zamani," in ji shi. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Na ɗaura shi wata huɗu, kuma ba zan ci amanarsa ba, yana da abubuwan burgewa. Koren hasken nan da ke walƙiya a bayansa yana leƙa jinin da ke wucewa ƙarƙashin fata, da shi yake ƙirga bugun zuciya. Ya nuna mini cewa tafiyar da nake yi tsakanin layukan kujeru ta fi yadda nake zato nesa. Ƙararrawarsa girgiza ce a fata, tana tashe ni ba ta tashi kowa ba. Kuma yana ƙirga baya, abin da nake nema.

Abin da ya raba mu biyu ne. Na farko caji. Duk dare, ko dare biyu in na lallaɓa shi, sai na kwance na ɗora a kan cajarsa, wadda ba ta shiga komai sai shi. Ranar da na manta, da azahar sai in ɗaga hannu in ga baƙin gilashi yana kallona. Mutumin da ya saba tuna batir sau ɗaya a shekara bakwai, wannan reno ne. Na biyu shi ne ainihin. Duk abin da na gudu daga gare shi a waya sai ya biyo ni hannu, har ya fi kusa, domin waya tana aljihu, wannan kuwa a fata yake yi mini tsikari. Ina tsakiyar bayani sai in ji zir, ido ya sauka da kansa. Wata rana wata abokiyar aiki tana gaya mini damuwarta game da ɗanta, hannuna ya girgiza, na duba. Ta yanke maganar ta ce, "Malam, na ga kana sauri, ma yi maganar wani lokaci." Tallar wani abu ce ta shigo. Ba ta sake ɗauko maganar ba. Daga nan na kashe duk sanarwar. Da na kashe kuma sai na zauna na duba abin da ya rage: agogo mai nuna lokaci, wanda fuskarsa ke mutuwa sai na wurga hannu ta farka, kuma yake neman wuta kullum. Na mayar wa ƙanena da godiya, shi yana gudun safe, ya fi ni bukatarsa.

Ban ce bai da masu shi ba. Tun 2018 agogon Apple ke iya ɗaukar hoton bugun zuciya da gane in mutum ya faɗi, kuma ga dattijon da ke zaune shi kaɗai ko mai ciwon zuciya wannan ba abin wasa ba ne. Kasuwa ma ta nuna inda ta karkata: an ƙiyasta cewa a 2019 Apple ya fitar da agogo kusan miliyan 31, duk kamfanonin Suwizalan a haɗe kuwa wajen miliyan 21. Sai dai mai saye ya sani ƙaramar kwamfuta yake saye, kuma da kwanan kwamfuta za ta tsufa. Na farkon da Apple ya fitar a Afrilun 2015, wanda aka ce cajinsa na awa 18 ne, zuwa 2018 sabuwar manhaja ta daina shiga cikinsa. F-91W da aka saya a 1989, in an sa masa batir, yau ma daidai yake da wanda aka ƙera jiya.

Akwai agogo na uku a gidan, shi ne wanda maiɗakina ke nufi in ta ce in bar na makaranta. Seiko 5 ne na Baba, Allah ya jiƙansa, na ƙarfe, mai 'yar taga da ke nuna rana da kwanan wata, kan saitinsa a ɓoye wajen ƙarfe huɗu. Wannan jerin tun 1963 kamfanin Seiko na Japan ke yin sa. Ba shi da batir ko kaɗan. A cikinsa akwai sifirin a naɗe, da wani ƙarfe mai siffar rabin wata da ke lilo duk lokacin da ka motsa hannu, lilon nan shi ke yi masa wani, wato shi ke naɗe sifirin ɗin. Sifirin ɗin yana warwarewa a hankali, wata 'yar ƙafa mai kai da komo tana tsare shi kada ya zube lokaci ɗaya, sau 21,600 a awa, wato shida a sakan. Shi ya sa hannun sakan ɗinsa ba ya tsalle ɗaya-ɗaya, tafiya yake da ƙananan taku. In ka kara a kunne za ka ji shi. Muna yara Baba yakan kara mana, mu yi ta rigimar wa zai fara ji.

In daidaito ake nema, kada a zo nan. Agogon sifirin na wannan aji yin gaba ko baya da sakan 10 ko 20 a rana ba aibu ba ne a wurinsa, halinsa ne. Ko masu tsadar da ke da takardar shaida daga Suwizalan, abin da aka yarje musu shi ne baya da sakan 4 ko gaba da 6 a rana. Wato robar da ɗalibina ya raina ta fi su. In ka ajiye shi kimanin awa 40 ba motsi sai ya tsaya, don haka wanda ya kwance ran Juma'a da yamma, Litinin da safe sai ya girgiza ya sake saiti. Man da ke cikinsa kuma yana bushewa, bayan 'yan shekaru sai gwani ya warware shi ya wanke ya sa sabo. Da Seiko ya fito da Astron ranar 25 ga Disamba, 1969, agogon hannu na farko mai dutsen nan da aka sa a kasuwa, kamar ya rattaba hannu ne a kan takardar mutuwar irin na Baba. Masu aikin agogo a Suwizalan sun ragu daga kusan 90,000 a 1970 zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Waɗanda suka tsira sun tsira ne da suka daina sayar da lokaci suka koma sayar da ado da suna.

Ni ma ba don lokaci nake ɗaura na Baba ba. Maɗaurin ƙarfen ya yi mini yawa da gaɓa ɗaya, na ƙi a cire. Akwai wata ƙarzuwa a gilashin wajen ƙarfe goma sha ɗaya wadda ban san ranar da ta samu ba, amma na san ba ni na yi ta ba. Waya ba ta zama irin wannan abu. Na canza waya huɗu a cikin shekarun nan tara, ban san inda ko ɗaya daga tsofaffin take ba.

To wa ya kamata ya saya? In aikinka a gaban kwamfuta ne, lokaci na rubuce a kusurwarta daga safe har yamma, gaskiya ba ka rasa komai ba, sai in ado kake so. In kuwa hannunka kullum cikin aiki yake, ko cikin mai, ko ƙura, ko ruwa, ko kana tsayawa gaban mutanen da ciro waya a gabansu raini ne, ko kana shiga inda ake karɓe waya a ƙofa, ko kuma kai ne irin wanda ke ɗauko waya don duba lokaci ya farka bayan rabin awa bai ma duba ba, to ka gwada. Shawarata kada ka fara da mai tsada. Fara da irin wannan, ka ɗaura wata guda. In ka ga har yanzu hannunka aljihu yake zuwa, ka ba wani yaro, ba ka yi asarar da za ta hana ka barci ba. In aikinka na bugu da faɗuwa ne, G-Shock, wani agogon na Casio, ya fi dacewa, shi tun 1983 aka ƙera shi musamman don ya sha ƙasa ya tashi, sai dai ya fi kauri da nauyi nesa ba kusa ba.

Hattara da jabu, don agogon da ya yi suna haka ba ya rasa masu kwaikwayo. Akwai gwaji mai sauƙi. Yana nuna lokaci, ka danna maɓallin dama ka riƙe kamar sakan uku. Na asali zai rubuta CASIo a fuskarsa, harafin ƙarshen ƙarami. Wasu masu jabun sun koyi wannan ma, don haka kada ka tsaya nan. Duba rubutun fuskar ko ya fita tsaf ba dusu-dusu, karkata shi ka ga ko lambobin na nan baƙi ƙirin ko suna ɓacewa, ka taɓa maɗaurin: na asali laushi gare shi, na jabu yakan yi tauri yana sheƙi. Jabun yakan yi aiki wata uku, ya ci minti biyar a mako, mai shi ya tafi yana zagin agogon da bai taɓa ɗaurawa ba.

Nawa dai batir na biyu ke cikinsa yanzu, maɗauri ma na biyu, kuma ramin da nake sa ƙarfen a ciki ya fara faɗi. Aikin da na san yana jirana a kansa shi ne ran 29 ga Fabrairun 2028, in Allah ya kai mu, zan tashi in tarar ya ce 1 ga wata.